Wace Ƙungiya Ce Ke Riƙe da Kwamfutar Ofishin Ekklesiya?

Ran wata Litinin da safe muka zauna tare da ma'ajin wata ekklesiya a ofis, yana shirin shigar da lissafin baikon Lahadi. Ya buɗe Chrome, wato burauzar da yake shiga intanet da ita, ya taɓa ɗigon nan uku na kusurwar dama ta sama, sai ga wani rubutu can ƙasa da Turanci: "Managed by your organization". Ma'anarsa ita ce, wata ƙungiya ce ke tafiyar da wannan burauza. Dattijon ya gyara tabarau ya ce, "To, wace ƙungiya ke nan? Zumuntar mata ce, ko ta matasa?" Muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, gama da wannan kwamfuta ake shiga asusun ekklesiya na banki, a cikinta kuma sunayen membobi suke duk da lambobin wayarsu.

Kamfanin Google ya soma nuna wannan sanarwa a fitowa ta 73 ta Chrome, cikin watan Maris na 2019. Dalilin kuwa mai kyau ne. Manyan ofisoshi da makarantu sukan mallaki kwamfutoci ɗaruruwa, ba ya yiwuwa a bi su ɗaya-ɗaya ana gyara, saboda haka aka buɗe wa mai kula da su hanyar kafa dokoki daga wuri guda: wane shafi zai fara buɗewa, waɗanne shafuka aka hana, wace ƙaramar manhaja za a liƙa wa burauzar dole. Sanarwar tana faɗa wa mai aiki cewa ba shi kaɗai ke riƙe da ragama ba. Sai dai Chrome ba ta tambayar wanda ya kafa dokar. Ko doka ɗaya tak ta gani, ko da ɓarawo ne ya rubuta ta, sai ta ce ƙungiya.

Yawancin kwamfutocin da ke ofisoshin majami'unmu ba sababbi aka saye su ba. Wasu 'yan tokumbo ne, wasu kyauta ce daga wani ɗan'uwa da ofishinsu ya sake kayan aiki. Idan ba a wanke irin wannan kwamfuta sosai ba kafin ta fito kasuwa, dokokin maigidanta na dā suna nan kwance a ciki, kamar yadda mutum kan sayi tsohuwar mota ya tarar da sunan kamfani a jikin ƙofa. Wani lokaci kuma manhajar riga-kafin cutar kwamfuta ce ta kafa dokar domin ta tsare mu, wannan ba abin damuwa ba ne. Haka nan wanda ya shiga Chrome da adireshin da wurin aikinsa ko makarantarsa suka ba shi zai iya ganin alamar kulawarsu.

Wanda ya fi damunmu shi ne na mugunta. Yaro ya zo ofis da yamma, ya sauko da wata manhajar kallon fim ko ta sauya takarda "kyauta", ya danna amincewa bai karanta ba. Manhajar ta kafa doka a ɓoye, ta liƙa wa burauzar wani ɗan ƙari wanda ba ya ciruwa, domin maɓallin cire shi ya dushe. Daga nan sai shafin bincike ya sauya, tallace-tallace su yi ta faɗowa, har da irin waɗanda ba ma so a gani a allon majami'a. Ƙarin da aka ba izinin karanta dukan shafuka kuwa yana iya ganin abin da ake rubutawa a cikinsu, har shafin banki.

Saboda haka kafin a yi maganar goge sanarwar, sai a fara gano mai dokar. A wurin rubuta adireshi a sa chrome://management, zai nuna ko ana kula da burauzar. Sa'an nan a sa chrome://policy, nan ne dokokin za su jeru da sunayensu. A lura musamman da ExtensionInstallForcelist, wadda ke liƙa ƙari dole, da HomepageLocation, da DefaultSearchProviderSearchURL, da duk wadda sunanta ya fara da Proxy, gama ita takan karkata hanyar da saƙonni ke bi. Masu amfani da Edge su sa edge://policy, masu Firefox kuma about:policies. A ɗauki hoton shafin da waya kafin a taɓa kome.

Akwai tambaya guda da muke so kowane mai bi ya yi wa kansa a nan: kwamfutar ta wane ne? In ta wurin aikinmu ce, ko ta makaranta, ko hedkwatar ekklesiya ce ta raba ta tare da dokokinta, to ba mu da ikon cire su. Amana aka ba mu. Sai mu je wurin mai kula da kayan mu tambaya. Mun san matasa masu wayon hannu da ke ganin wannan abin gwaninta ne, amma fasa kwaɗon da ba naka ba sunansa ɗaya ne, ko a ƙofar ɗaki ko a kwamfuta.

In kuwa kwamfutar ta ekklesiya ce halal, ko ta gida, ga abin da ya kamata a sani. Cire Chrome a sake sa ta ba ya magani, mutane da yawa sun ɓata yini a kan haka. Dokokin ba cikin Chrome suke ba, suna cikin rajistar Windows, wato babban kundin da ke riƙe da tsarin kwamfutar duka. Da farko a duba jerin manhajojin da ke kwamfutar, a cire duk wadda ba a san wanda ya sa ta ba. A shiga saitin asusu na Windows a ga ko an haɗa ta da wani wurin aiki ko makaranta. Bayan haka a buɗe regedit, a nemi HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Policies\Google\Chrome, da takwararsa da ke ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER. A ajiye kwafinsu tukuna, sa'an nan a goge su, a kashe kwamfutar a sake kunnawa. Muna roƙo, wanda bai saba ba kada ya shiga rajista shi kaɗai, gama kuskure ɗaya a can yana iya hana kwamfutar tashi. Kusan kowace majami'a tana da saurayi ko budurwa da suka karanci wannan fanni. A kira su, wani dattijo kuma ya zauna kusa, tun da takardun ekklesiya ne a buɗe.

Idan sanarwar ta dawo bayan kwana ɗaya ko biyu, mai rubuta dokar yana nan bai fita ba. Sai a sa Microsoft Defender ya bincike kwamfutar gaba ɗaya. In abin ya ƙi, a kwashe takardu masu muhimmanci a sake sa Windows daga tushe. A Mac ana samun irin waɗannan dokoki a sashen Device Management na saiti, wanda a dā ake kira Profiles. Chromebook da wata makaranta ko kamfani suka yi wa rajista kuwa, ko an wanke ta takan koma hannunsu, su kaɗai ke iya sakinta. Kwamitin da zai sayi irinta a kasuwa ya sa a kunna ta a gabansa kafin ya biya kuɗi.

A kwamfutar ma'ajin nan, doka biyu muka tarar, ɗaya ta sauya shafin bincike, ɗaya ta liƙa wani ƙari da babu wanda ya san shi a ofis. Sakataren matasa ya cire su a gaban dattawa biyu. A ranar ma'aji ya sake kalmar sirrin banki da ta imel daga wayarsa, ba daga kwamfutar ba, ya kuma karɓo bayanin asusu na wata uku aka bi shi layi-layi. Lissafi ya cika. A zaman da ya biyo baya, dattawa suka sa aka buɗe wa mawaƙa da 'yan makarantar Lahadi nasu sashen dabam a kwamfutar, wanda ba shi da izinin sa sabuwar manhaja.