Sankarar Nono da Maganin da Ake Ɗurawa ta Jijiya

Hakimai da malamansu sun sha jin labarin macen da ba a kai asibiti ba sai bayan sankara ta ci nononta, ya fashe, kaluluwa ta fito a hammata. In abin ya kai haka, likita ba ya iya yanka nan da nan, sai an ba da magani ƙarin ya motse tukuna.

Hanyar da aka saba ita ce a sa maganin cikin ƙarin ruwa ta jijiyar hannu, jini ya zaga da shi ko'ina cikin jiki. To, akwai kuma wata hanya. Jijiyoyin jini iri biyu ne, masu kai jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi, da masu komo da shi. Likita yakan zura siririn bututun roba cikin jijiyar da ke ciyar da nono, watau wadda ta bi ta ƙarƙashin ƙashin wuya, ko reshenta da ya gangara cikin ƙirji, ya ɗura maganin ta nan. Kamar mai lambu ke nan da ya karkatar da ruwa zuwa fangali guda: maganin ya isa ƙarin da ƙarfinsa kafin jini ya surka shi.

Wani likita a Amurka, Klopp, da abokan aikinsa suka bayyana wannan dabara cikin 1950. Cikin 1975 likitocin Osaka, a ƙasar Japan, suka ba da labarin yin amfani da ita ga sankarar nono kafin yanka.

An ga amfaninta. Sau da yawa ƙari yakan motse, gyambo ya kame, yanka ya yiwu, ko da yake wani lokaci fata takan ƙone ko jijiyar ta toshe. Amma ba a tabbatar ta fi hanyar da aka saba tsawaita rai ba. Dalili kuwa, sankarar da ta daɗe sau da yawa ta riga ta watsa irinta zuwa ƙashi da hanta da huhu, wannan kuwa shi ne ke kisa. Saboda haka maganin da ke zaga jiki duka shi ne madogara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da mata 90 cikin 100 suna da rai shekara biyar bayan gano ciwon, a Afirka ta Kudu kuwa 40 ne kurum. Babban abin da ya kawo bambancin shi ne zuwa da wuri da cika magani.

Lalle ne hakimai su sanar da dagatai da masu unguwanni cewa duk macen da ta ji ƙulluto a nono, ko da ba ya ciwo, a kai ta Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada a bar wanzami ya tsaga, kada kuma miji ya ja lokaci wajen ba da izini. Wadda ta fara magani kada ta bari sai likita ya sallame ta.

Allah ya ba mu lafiya, amin.