Darasi na Goma Sha Huɗu: Taya da Sallama a Cinikin Kayan Hannu, Mas'alar Jirgin Masunta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta ciniki Ya haramta riba da zamba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, amintaccen ɗan kasuwa tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare a Tasawa da Mayahi da ƙauyukan da ke kewaye da su, Allah Ya karɓi azuminmu. Darasinmu na yau ya taso ne daga wata tambaya da ta iso mana. Wasu samari huɗu sun haɗa kuɗin wakensu da na gyaɗarsu, suka sayi jirgin kamun kifi na alminiyam, na hannu, daga wani maƙwabcinsu da ya dawo da shi daga wajen Tafkin Chadi, da nufin su yi su da shi a Tafkin Madarumfa. An yi taya, an yi albarka, har ciniki ya faɗa. Da suka sa shi a ruwa, kwana uku bai cika ba suka ga ruwa yana tsattsafowa ta wata tsaga da aka liƙe da kwalta aka shafe da fenti. Mai jirgi ya ce ai sun gani da idonsu kafin su biya, su kuwa suka ce an rufe musu ido. Yau gida biyu ba sa gaisawa, alhali sahu ɗaya suke tsayawa a sallar asham.

Wani zai ce, mu da Gulbin Kaba ya fi zama rairayi da ƙasar noma, ina ruwanmu da jirgi? To ku sani hukuncin jirgin nan shi ne hukuncin amalanke da babur da injin ban ruwa da keken ɗinki da duk abin da ya taɓa aiki a hannun wani kafin ya zo kasuwa. Wanda ya fahimci ɗaya ya fahimci sauran.

Mas'ala ta farko: shin taya halal ce?

Halal ce, babu saɓani. Mai kaya ya faɗi kuɗi, mai saye ya taya ƙasa da haka, wannan ya ce albarka, wancan ya ƙara, har su haɗu. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi cinikin raƙumin Jabir ɗan Abdullahi a kan hanyar komawa Madina, da suka isa ya biya shi har da ƙari, sa'an nan ya bar masa raƙumin. Neman ragi ba rowa ba ne, neman riba kuma ba zalunci ba ne, matuƙar an yi da yardar juna. Amma yarda ba ta inganta sai a kan abin da aka sani. Wanda ya yarda da jirgi lafiyayye aka miƙa masa tsagagge, ba abin da ya yarda da shi aka ba shi ba.

Mas'ala ta biyu: abin da ya wajaba a kan mai sayarwa

Duk wanda ke karanta Suratul Kahfi ranar Juma'a ya san labarin jirgin da bawan Allah Halliru ya huda yana tare da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Jirgin na wasu miskinai ne masu aiki a ruwa, a gabansu kuma akwai sarki mai ƙwace jirage. Mu lura da abu biyu. Na ɗaya, aibi ɗaya ya isa ya kawar da kwaɗayin azzalumin sarki daga jirgin, wanda kyauta ma zai ɗauka, balle wanda zai ƙirga guminsa ya biya. Na biyu, abin da Annabi Musa ya fara tsoro da ya ga hudar shi ne nutsewar mutanen da ke ciki. Ɓoye yaga a riga asarar dukiya ce, ɓoye tsaga a jirgi kuwa yana iya zama asarar rai.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce tarin hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa ya ji danshi a ƙasa, ya zargi mai shi a kan bai sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba, ya kuma nisanta mai algus daga tafarkinsa. Kwalta da fenti a kan tsaga daidai suke da busasshen hatsi a kan jiƙaƙƙe.

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun ce wajibi ne mai sayarwa ya bayyana duk aibin da ya sani wanda zai rage kuɗin kaya ko ya sa mai saye ya ƙi su, kuma ya fayyace shi dalla-dalla ko ya nuna shi da hannu, kada ya dunƙule. Faɗin “ai tsoho ne, ka san halin tsoho” ko “na sayar maka yadda ka gan shi” ba ya wanke mutum daga aibin da ya sani ya yi shiru a kansa. Sai ya ce: “Nan ya taɓa tsagewa, an yi walda. Ƙusoshin nan biyar suna yoyo. Bayansa inda ake ɗaura inji ya yi rauni.” Idan ya faɗa, mai saye ya ji ya saya, shi ke nan, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Haka nan ƙarya a kan uwar kuɗi. Ba dole ba ne ka faɗi nawa ka saya, kana iya yin shiru ka tsaya a kan farashinka. Amma in ka faɗa, to gaskiya ta wajaba. “Wallahi jika ɗari biyar na saye shi,” alhali ɗari uku ne, ko “jiya an taya mini kaza na ƙi,” alhali babu wanda ya taya, wannan cin dukiyar ɗan'uwa ne da ɓarna. Hadisi ya nuna rantsuwa tana tafiyar da haja amma tana shafe albarka. Ina amfanin bakin da ya ƙi ruwa tun ketowar alfijir sa'an nan ya rantse da Allah a kan ƙarya da hantsi?

Mas'ala ta uku: abin da ya kamata mai saye ya yi

Shari'a ta kāre ka, amma ba ta ce ka rufe idonka ba. Aibin da yake fili, wanda kowa zai gani, ba a mayar da kaya saboda shi bayan ka duba ka karɓa. Saboda haka ka je da wanda ya san sana'ar. Masana jirgi suna cewa alminiyam ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, nauyinsa kuma wajen sulusin nauyinta ne, shi ya sa ake son sa. Amma yana da nasa ciwon: wani farin gari yakan fito masa, ya ci shi ƙananan ramuka, ƙusoshin da suka haɗa faranti da faranti sukan yi sako-sako, wurin walda yakan tsage. Gyaransa kuma ba kowane mai walda ke iyawa ba, yana son nasa kayan aiki. Ku kife jirgin ku duba ƙasansa da rana tsaka. Sabon fenti a wuri ɗaya tak abin tambaya ne. Ku zuba masa ruwa yana kan tudu ku ga inda zai ɗiga, ko ku sa shi a tabki da kaya a ciki. Gani ya kori ji.

Ku tambaya kuma: nasa ne? Wani jirgin na ƙungiya ne, wani na magada ne ba a raba ba, wani na sata ne. In mai shi na gaskiya ya bayyana da hujja zai karɓi abinsa, kai kuma ka koma neman kuɗinka wurin wanda ya sayar maka, in ka same shi. Araha ba ta ado.

Akwai ƙofa da shari'a ta buɗe wadda mutanenmu ba su cika shiga ba, wato ciniki bisa zaɓi. Shehu Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan hijira, ya bayyana halaccin a yanka ɗan lokaci gwargwadon abin da ya isa a jarraba kaya ko a yi shawara. Sai ku ce: “Mun saya a kan kaza, muna da zaɓi kwana uku mu gwada shi a ruwa.” Sai dai ba a shardanta biyan kuɗi a cikin kwanakin zaɓin. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci a wurinmu, domin a mazhabar Malik ciniki yana ƙulluwa da furuci, da an ce “na saya” an ce “na sallama” ya lizimci kowa ko ba a tashi daga wurin ba.

Kafin alƙalami kuwa, in an ba da shi a kan cewa in ciniki ya tabbata yana cikin kuɗi, in an fasa a mayar wa mai shi, babu laifi. In kuwa an shardanta cewa in an fasa mai kaya ya cinye, Imamu Malik, wanda ya rasu shekara ta 179, ya kawo haninsa a Muwaɗɗa, domin kuɗi ne aka ci ba a kan komai ba.

Mai saye ma yana da nasa zunubin. Kushe kaya da abin da ba ya cikinsu don a karya farashi tauye haƙƙi ne, irin wanda Annabi Shu'aibu ya hana mutanen Madyana. Haka wanda ya san mai jirgi yana da majinyaci a asibiti, ko Salla ta matso ba shi da abin ɗinka wa yara, sai ya taya masa kuɗin da masu zuba tukwane za su saya a kilo. Ko alƙali ya zartar da irin wannan ciniki, mu ji tsoron ranar da za a tambaye mu.

Mas'ala ta huɗu: ƴan gefe

An hana mutum ya shiga cinikin ɗan'uwansa. Malik ya fassara wannan da lokacin da mai kaya ya karkata ga mai taya, sun kusa sallamawa. Tun ana farkon taya, kowa na iya ƙarawa. An kuma hana najashu, shi ne mutum ya ƙara kuɗi ba da nufin saye ba, sai don ya ruɗi wani ya hau. La'adar dillali halal ce in an san ta, amma dillalin da ya san tsagar ya yi shiru abokin tarayya ne a cikin zunubin.

Mas'ala ta biyar: hukuncin samarin nan

Bisa yadda aka kawo mana labarin, in ya tabbata tsagar ta riga ciniki kuma an rufe ta, to samarin suna da zaɓi: su mayar da jirgi su karɓi kuɗinsu duka, ko su riƙe shi a kan kuɗin da suka biya. Kifin da suka kama kafin su gane aibin nasu ne, domin da jirgin ya salwanta a lokacin da wani dalili daban, asararsu ce. In sun ci gaba da aiki da shi bayan sun gani ba su yi magana ba, ana ɗaukar haka yarda ce. In wani sabon aibi mai rage kuɗi ya same shi a hannunsu, sai su zaɓa: su riƙe a mayar musu da ƙimar tsohon aibi, ko su mayar su biya abin da sabon ya rage. In kuwa da jirgin ya nutse saboda tsagar da mai shi ya sani ya ɓoye, kuɗin gaba ɗaya zai mayar.

Ga yadda ake fitar da ƙimar aibi, a misali. Masana su ƙimanta jirgin yana lafiya, a ce jika 500. Su ƙimanta shi da tsagar, a ce jika 400. Aibin ya rage kashi ɗaya cikin biyar ke nan. In jika 450 aka biya, sai a mayar da kashi ɗaya cikin biyar na 450, wato jika 90. In ɓangarorin biyu suka zaɓi sulhu a kan wannan lissafi, su riƙe jirgi a rage musu, ya halatta, kuma shi muka fi so musu. Ba mu ji ta bakin mai jirgin ba, don haka wannan bayani ne, ba yanke hukunci ba. Su zauna gaban limaminsu da mai gari da wani masunci mai gaskiya, kowa ya faɗi tasa.

Nasiharmu ga mai jirgin ita ce, in ka san ka liƙe ka shafe, kada ka jira shaidu, Wanda kake yi wa azumi Ya gani. Hadisin Hakimu ɗan Hizamu ya nuna masu ciniki biyu in sun yi gaskiya sun bayyana ana sa musu albarka, in sun ɓoye sun yi ƙarya ana shafe ta. In ma ba ka san da tsagar ba, ka tuna an yi alkawarin yafe tuntuɓe ga wanda ya yarda ya warware ciniki da ɗan'uwansa mai nadama. Ku kuma samari, ku nemi haƙƙinku da ladabi, kada ku tozarta dattijo a bakin kasuwa. Nan gaba in za ku sayi babban abu, ku kira shaidu biyu, ku rubuta kuɗi da aibin da aka faɗa da kwanakin zaɓi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaida ta sauka.

Goman ƙarshe tana gabatowa, kada ta same ku kuna gaba saboda jika casa'in. Allah Ya yi rahama ga mai sauƙi in ya sayar, mai sauƙi in ya saya. Allah Ya tsarkake cinikinmu, Ya kiyaye ƴaƴanmu da ke nema a ruwa da tudu, Ya ba mu damina mai albarka. Gobe in Allah Ya kai mu za mu shiga bayanin bashin hatsi da ake ci da bazara a biya da kaka. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.