In Rumbun Kwamfuta Ya Fara Tsagewa, A Kwashe Hatsi Kafin A Kira Magini

Rumbu ba ya faɗuwa rana ɗaya. Sai gara ta ci gindinsa, damina ta jiƙa shi, ya tsage a hankali, mai gida kuwa bai lura ba. Haka yake ga rumbun zamani. A Ƙofar Kaura da sauran unguwannin birnin Katsina, akwai gidaje da ofisoshi da ke ajiye kwamfuta guda a lungu, tana aiki dare da rana, wayoyi da sauran kwamfutocin gida suna zuba mata kaya suna ɗiba. Ita ce ake kira uwar garke. A cikinta muke tara hotunan aure, takardun fili, sakamakon jarrabawar yara, a wasu wurare har da rajistar baftisma da waƙoƙin zumuntar mata. Ranar da ta ƙi tashi, ranar ce muke sanin darajar abin da ke ciki.

Yadda faifan yake aiki

Faifan ajiya na farko kamfanin IBM ne ya fito da shi a Amurka a 1956. Faya-fayai 50 ne a cikinsa, amma abin da yake ɗauka bai wuce hoto ɗaya ko biyu na wayar yau ba. Na yanzu yana shiga aljihu, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, allurar da ke karanta shi kuwa tana shawagi a kansa da tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Saboda haka girgiza kaɗan ko ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu na iya yi masa lahani. Sabon nau'in da ake kira SSD ba shi da abin da ke juyawa, amma shi kan mutu farat ɗaya, ba ƙara ba sallama.

Abokan gāba uku

Na farko wuta ce. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan lantarki ta bar yawancin jihohin arewa cikin duhu fiye da mako guda. Amma ba doguwar ɗaukewa ce ta fi ɓarna ba. Kawowa da ɗaukewa ne, da sauyi tsakanin wutar Nepa da janareta, da tsawar damina. Na biyu zafi ne. A watan Afrilu da Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40, yawancin faya-fayai kuma ba a yi su don su wuce digiri 60 ba, ga shi cikin akwatin ya fi ɗakin zafi. Na uku ƙurar hunturu ce, wadda ke toshe fanka har iska ta daina ratsawa.

A bi abin daki-daki

Sau da yawa mukan ɗora wa faifai laifin da ba nasa ba. Kafin a kashe kuɗi, ga tsarin da ya kamata mu bi.

Da fari, a duba wuta. In kwamfutar tana kashe kanta tana tashi ba dalili, ko faifai yana ɓacewa ya dawo, a yi zargin akwatin rarraba wuta na cikinta, a gwada wani. In kullum agogonta yana komawa baya, ƙaramin batir ne mai lamba CR2032 ya ƙare, kuɗinsa kuwa kaɗan ne.

Sai a duba waya. Wayar da ta haɗa faifai da babban allo takan saki ko ta lalace. A kashe wuta, a cire ta, a mayar, ko a sauya wata.

Sannan a tambayi faifan da kansa. Kowane faifai yana riƙe da littafin lafiyarsa, wanda ake kira SMART, ana kuma karanta shi kyauta da manhajar CrystalDiskInfo ko smartctl. Lamba ta 199 in tana ƙaruwa, galibi laifin waya ne. Amma lamba ta 5, da 197, da 198 suna ƙidaya wuraren da suka lalace a jikin faifan. In sun tashi daga sifili suna hawa, rumbu ya tsage ke nan. In duk waɗannan lafiya suke amma takardu suna lalacewa, a gwada ƙwaƙwalwar kwamfutar da MemTest86, a bar shi ya kwana yana aiki.

Kada a yi garajen gyara

Nan ne yawancin hasara ke aukuwa. Faifan da ke ƙara ƙyas-ƙyas yana iya mutuwa a kowane kunnawa. Kada a yi ta kashewa da kunnawa, kada a saki manhajar gyara a kansa, kada a buɗe murfinsa, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce shi. In kwamfuta ta nemi izinin goge shi don ta shirya shi sabo, a ce a'a. Abu na farko shi ne a kwashe, a fara da abin da ba a iya sake samu. In an kai wa mai gyara, a faɗa masa tun a bakin ƙofa cewa kayan ciki ake so, ba faifan ba.

Kada kuma mu dogara ga littafin lafiyar nan kaɗai. A 2007 ma'aikatan Google sun buga bincike a kan faya-fayai fiye da 100,000, suka tarar kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna alamar gargaɗi ba.

Rumbu uku

Masana suna da ƙa'ida mai sauƙi: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gida dabam. Haɗa faifai biyu su riƙa kwaikwayon juna yana da amfani, amma ba ya maye gurbin wannan, gama abin da aka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan, tsawa ko ɓarawo kuma duka biyun za su ɗauka. A yi hattara da filashi mai araha, domin akwai jabu da ke nuna girman da ba shi da shi. Manhajar H2testw tana tona asirinsa. A sa wa kwamfutar UPS, wato batirin da ke riƙe ta har a kashe ta cikin natsuwa, a ɗaga ta daga ƙasa, a busa mata ƙura bayan hunturu. Sau ɗaya a wata kuma a buɗe kwafin a tabbata yana karantuwa.

'Yan'uwa, sabon faifai ana samunsa a kasuwa kowace rana. Hoton marigayiya kaka da rajistar shekara talatin, ba mai sayar da su. Mu kwafe su a makon nan, tun rumbun yana tsaye.