Yadda Ake Kafa Ƙaramin Tankin Murjani na Ruwan Gishiri a Gida

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin murjani a matsayin jan dutsen ado da mata ke ratayawa a wuya. Kalmar ta samo asali ne daga Larabci, kuma an ambace ta a cikin Suratur Rahman. Jan murjanin ainihi daga Bahar Rum ake haƙo shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, murjani ƙashin wata dabba ce ta teku, kuma danginta ne suke gina duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa a tekuna masu ɗumi, irin na gaɓar Bahar Maliya kusa da Jidda da Fot Sudan, da kuma wanda ya fi kowanne girma a gabashin Ostareliya, mai tsawon kimanin kilomita 2,300. Wannan darasi zai yi bayanin yadda ake rayar da irin waɗannan halittu a cikin ƙaramin tankin gilashi a gida. Za a ga cewa aikin duka ya rataya ne a kan abu guda, wato daidaita ruwa da hana shi sauyawa farat ɗaya. Mai kiwon murjani, a haƙiƙa, ruwa yake kiwo.

2.0 Ma'anar Murjani da Yadda Yake Rayuwa

Murjani taron ƙananan dabbobi ne da suke zaune manne da juna. Kowace ɗaya tana da baki guda wanda wasu 'yan yatsu masu laushi suka kewaye, da su take cafke abinci. Masu kiwo sun kasa murjani gida biyu. Akwai mai ƙashi, wanda yake zuƙar sinadarin kalsiyam daga ruwa ya gina wa kansa ƙashi mai tauri, akwai kuma mai laushi, wanda jikinsa ya fi kama da fata.

A cikin naman mafi yawan murjanin tekuna masu ɗumi akwai wata gansakuka wadda ido ba ya iya gani. Ita ce take amfani da haske ta haɗa abinci kamar yadda ganyen tsiro yake yi, ta ciyar da murjanin, shi kuma ya ba ta mafaka. Idan zafin ruwa ya wuce ƙima na tsawon makonni, murjani yakan kori wannan gansakuka, ya yi fari fat, in abin ya daɗe yunwa ta kashe shi. Haka ya faru a tekunan duniya a 1998 da 2016, ya kuma sake faruwa daga 2023 zuwa 2024. Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka shi ne dalilin da ya sa haske da zafi suke da muhimmanci ƙwarai a cikin tanki.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A ƙasar Ingila aka fara wannan kiwo. Tun daga 1846 wata mata mai suna Anna Thynne ta ajiye murjani a gidanta a Landan har na tsawon shekaru, tana motsa ruwan da hannu domin iska ta shige shi. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe zauren kifi na farko domin jama'a. Daga baya, a shekarun 1960, Lee Chin Eng na Indonesiya ya nuna cewa dutsen da aka ɗebo daga teku, da halittun da ke jikinsa, yana iya tsabtace ruwan tanki da kansa. Masu kiwo a birnin Balin na Jamus suka inganta wannan dabara, suka haɗa ta da haske mai ƙarfi da na'urar kwashe kumfa. A kan wannan tsari ne mafi yawan tankunan gida suke tafiya har yanzu.

4.0 Kayan Aiki

4.1 Tanki da Mazauninsa

Sabon shiga yakan ɗauka cewa ƙaramin tanki ya fi sauƙin riƙewa, alhali kuwa ruwa kaɗan ya fi saurin lalacewa. Misali, idan lita 2 ta ƙafe daga tanki mai lita 20, gishirin da ke cikin kowace lita zai tashi daga giram 35 zuwa kusan 39. Idan kuwa tankin mai lita 200 ne, tashin ba zai kai rabin giram ba. Saboda haka ya fi dacewa a fara da tanki mai lita 60 zuwa 100. Tanki mai lita 80, idan aka haɗa nauyin ruwa da gilashi da dutse da yashi, yakan haura kilo 100, don haka yana buƙatar teburi mai ƙwari wanda ba ya karkata. A ajiye shi nesa da taga, domin rana tana ɗumama ruwa tana kuma yaɗa gansakuka.

4.2 Ruwa da Gishiri

Ruwan famfo yakan ƙunshi kulorin, na rijiya da na burtsatse kuma sukan ɗauko ma'adinai iri-iri. Ko ɓurɓushin tagulla kaɗan ya isa ya kashe murjani da dodon koɗi. Don haka da ruwan da aka tace da na'urar tacewa mai matsi ake aiki. Gishirin girki da manda ba su da amfani a nan, domin ruwan teku ya ƙunshi kalsiyam da maganisiyam da wasu sinadarai da yawa da babu su a cikinsu. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa don wannan aiki. Akan zuba giram 35 zuwa 40 a kowace lita, gwargwadon umurnin da ke jikin buhun, a cikin bokiti mai tsabta, a bar famfo yana juya shi har ya narke sarai. Daga nan sai a gwada da ma'aunin gishiri, wanda ya kamata ya nuna 1.025 ko 1.026.

4.3 Dutse da Yashi

Dutsen da ake sawa mai ƙofofi ne kamar soso. A cikin waɗannan ƙofofi ne ƙwayoyin bakteriya masu tsabtace ruwa suke zama, wato dutsen shi ne babban matacin tankin. Kilo 8 zuwa 10 ya wadatar da tanki mai lita 80. A jera shi a kan gilashin ƙasa tukuna yadda ba zai rushe ba, a bar rata tsakaninsa da bango, sannan a zuba yashin teku mai kaurin santimita 2 zuwa 3.

4.4 Haske da Motsin Ruwa da Zafi

Akwai fitilun LED da aka ƙera domin murjani, masu yawan shuɗin haske. Akan kunna su awa 8 zuwa 10 kowace rana, a kan lokaci guda. Tun da murjani ba ya tafiya, ruwa ne yake kawo masa abinci ya kuma ɗauke masa ƙazanta. Ana buƙatar famfon da zai juya ruwan tankin sau 10 zuwa 20 a awa ɗaya, wato lita 800 zuwa 1,600 ga tanki mai lita 80. Zafin da ake so shi ne digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas. A ƙasashe masu sanyi da na'urar ɗumama ruwa ake cim ma haka. A wurare masu zafi irin ƙasar Hausa kuwa, sanyaya ruwan ne babban aiki, musamman da bazara, kuma akan yi shi da fanka mai hura saman ruwa ko na'urar sanyaya ruwa. Haka kuma, idan famfo ya tsaya na wasu awanni iskar da kifi ke shaƙa takan ƙare. Wanda wutar lantarkinsa ba ta da tabbas, wajibi ne ya tanadi batir ko wutar sola kafin ya sayi ko da kifi ɗaya.

5.0 Renon Tanki Kafin Zuba Dabbobi

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne wanda gaggawa ta fi ɓatawa. Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da amoniya, wadda guba ce. Wani rukunin bakteriya yana mayar da amoniya zuwa nitirait, wani rukunin kuma ya mayar da nitirait zuwa nitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce muddin bai taru da yawa ba. Sabon tanki ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi, sai an rene su.

Yadda ake yi shi ne, bayan an cika tanki an kunna famfo, sai a jefa ɗan abincin kifi a bar shi ya ruɓe. Duk bayan kwana biyu ko uku a gwada ruwan da magungunan gwaji masu sauya launi. Da farko amoniya za ta hau, sannan ta sauka nitirait ya hau, daga bisani shi ma ya sauka nitiret ya bayyana. Sai amoniya da nitirait sun koma sifiri ake cewa tanki ya nuna. Wannan yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. A wannan tsakani wata ƙura mai ruwan ƙasa takan lulluɓe yashi da gilashi. Wannan ba alamar lalacewa ba ce, yawanci takan gushe da kanta. A nan ne karin maganar nan ta mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa ta faɗa daidai.

6.0 Zuba Dabbobi

Ana zuba dabbobi ne kaɗan-kaɗan, a bar mako biyu ko fiye tsakanin wani zubi da wani, domin bakteriya su yawaita daidai da sabon nauyin da aka ɗora musu. Masu shara ne suke fara shiga, wato dodon koɗi na teku da ƙananan ƙaguwa masu cin gansakuka. Sai kifi ya biyo baya. Wanda aka fi farawa da shi shi ne ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane uku, wanda yara suka sani da Nemo tun fitowar fim ɗin Finding Nemo a 2003. Yana da juriya, kuma ana ƙyanƙyasarsa a gonakin kifi. Ƙananan kifaye biyu ko uku sun ishi tanki mai lita 80.

Murjani shi ne na ƙarshe. A fara da mai laushi, kamar mai siffar laimar kwaɗi da mai kama da fata, domin sun fi jure kurakuran mai koyo. Mai ƙashi, musamman mai rassa, sai tanki ya yi watanni da yawa a daidaice, domin yana buƙatar kalsiyam ya tsaya tsakanin miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita. Kafin a saki kowace dabba, a ɗora ledarta a kan ruwan tankin na kimanin minti 15 don zafinsu ya zo ɗaya, sannan a riƙa ɗiga mata ruwan tankin a hankali. Ya kamata a sani cewa wasu nau'o'in murjani masu kama da maɓallin riga suna ɗauke da guba mai tsanani. Ba a taɓa su sai da safar hannu da tabarau, kuma ba a tafasa dutsen da suke kai, domin tururinsa yana cutar da mutanen gida.

7.0 Kulawa ta Yau da Kullum

Kowace rana a duba ma'aunin zafi, a ba kifi abin da zai cinye cikin minti ɗaya ko biyu, a kuma cike gurbin ruwan da ya ƙafe. Da tataccen ruwa marar gishiri ake cikewa, domin ruwa ne kaɗai yake tashi, gishirin yana nan. Wanda ya cike da ruwan gishiri, kullum ƙara wa tankinsa gishiri yake yi bai sani ba. Kowane mako a kwashe kashi 10 cikin 100 na ruwan, a mayar da sabon haɗi mai zafi da gishiri daidai da na tankin, a goge gilashi, a yi gwaji, a rubuta sakamakon a littafi. Idan an ga wani awo ya kauce, a gyara shi sannu a hankali cikin kwanaki. Gyaran gaggawa yakan fi matsalar kanta illa.

8.0 Hakkin Teku a Kan Mai Kiwo

Duwatsun murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku sun dogara da su. A wasu sassa na Filifin da Indonesiya an daɗe ana kama kifin ado da gubar sayanayid, wadda take sumar da kifi ta kuma kashe murjanin da ke wurin. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973, ta sanya murjani mai ƙashi cikin halittun da ba a fitar da su daga ƙasa sai da takardar izini. Don haka ya kamata mai saye ya nemi kifin da aka ƙyanƙyasa a gona, da reshen murjanin da aka yanko daga wanda aka rena. Waɗannan sun saba da zaman tanki, kuma sayensu ba ya rage wa teku komai.

9.0 Kammalawa

An ga cewa murjani dabba ce mai dogaro da haske da motsin ruwa da matsakaicin zafi, kuma nasarar kiwonsa tana ga renon tanki kafin zuba dabbobi, da kulawa marar yankewa bayan haka. Duk kuskuren da aka yi, rayuka ne suke biyansa, ban da asarar dukiya. Ga malami kuwa, ko da makarantarsa ba ta da halin mallakar irin wannan tanki, misalinsa ya isa ya koya wa ɗalibai yadda halittu suke dogaro da juna, da amfanin awo da ajiye bayanai, da kuma yadda ake samar da kalmomin Hausa ga abin da yake baƙo.

Auna Fahimta

1. Yi bayanin dangantakar murjani da gansakukar da ke cikin jikinsa.
2. Me ya sa ƙaramin tanki ya fi babba saurin lalacewa? Kawo misali da alƙaluma.
3. Fayyace matakan da amoniya take bi kafin ta zama nitiret.
4. Don me ake cike gurbin ruwan da ya ƙafe da ruwa marar gishiri?
5. Zaɓo kalmomin aro biyar daga wannan darasi, ka nuna harshen da aka aro kowace daga gare shi.