Masu Aikin Lantarki Sun Koma Aji Saboda Mota

A yawancin gidajenmu akwai yaro guda wanda hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Shi ne mai kwance rediyon babansa, shi ne mai gyaran tocilan, in fitila ta mutu shi ake kira. Sa'ad da irin wannan yaro ya gama makaranta, iyaye sukan fara shawarar kai shi wurin wani maigida ya koyi aikin lantarki. Shawara ce mai kyau. Amma sana'ar tana sake kama, ya kuwa kamata iyaye su san inda ta nufa tun yaron bai fara koyo ba. Abin da yake sake ta mota ce, irin wadda ba a zuba mata mai.

A shekarar 2024 an sayar da motoci masu caji kimanin miliyan 17 a duniya, in an haɗa da waɗanda suke da batir da inji gaba ɗaya. Watau fiye da ɗaya ke nan cikin kowace sabuwar mota biyar. Fiye da rabinsu a ƙasar Sin aka saya. A Nowe kusan tara cikin goma na sababbin motocin shekarar nan masu batir ne zalla. Ko a Afirka, Habasha ta hana shigo da motocin gida masu shan fetur da dizal a 2024. Kowace ɗaya cikin motocin nan tana bukatar wurin da za ta sha wuta, lalle kuwa wani ne zai ja waya ya kafa wurin.

Ba soket kawai ba ne?

Wani zai ce, to, mene ne abin koyo a nan? Wanda ya iya sa soket ai ya iya. Bari mu yi lissafi kaɗan.

Soket mai baki uku da muke da shi a Nijeriya, irin na Ingila, an yi shi domin ya ɗauki amp 13. Na'urar cajin mota ta gida kuwa tana jan amp 32, watau wajen kilowat 7. Kamar a kunna dutsen guga bakwai ne a lokaci ɗaya. Dutsen guga ma yakan huta, in ya yi zafi ya yanke kansa. Mota ba ta hutawa. Batirin mota matsakaiciya yana cin yunit kamar 60, irin yunit ɗin da muke saye a mita, tana kuwa ja ba tsayawa har awa takwas ko tara, yawanci da dare sa'ad da kowa yana barci. In akwai kusa guda da ba a ɗaure sosai ba, ko waya ta yi siriri, nan zafi zai taru a hankali har roba ta narke. Gidan da ya shekara ashirin lafiya da fanka da firji, dare ɗaya na cajin mota ya isa ya tona asirin aikin da aka yi masa.

Saboda haka abu na fari da ake koya wa mai aikin shi ne kada ya taɓa waya sai ya duba gidan duka. Nawa ne ƙarfin babban fis? Me da me ake kunnawa da dare? Wayar da ta shigo daga turke za ta ɗauka? Tilas na'urar ta samu layinta ita kaɗai daga akwatin rarraba wuta, da waya mai kaurin da ya dace da nisan wurin, gama waya mai tsawo tana rage ƙarfin wuta. In wutar gidan ba za ta isa ba, akwai wani ɗan zobe da ake maƙala wa babbar waya, yana auna abin da gida yake ja, in uwargida ta kunna abin dafa ruwa sai mota ta rage shanta. A Ingila kuma dole a sanar da kamfanin da yake da layin unguwar, domin in gida goma a layi ɗaya suka sa na'ura ba a sani ba, taransifoma ce za ta ji a jikinta.

Darasin da ya fi duka nauyi

Akwai wani abu da mu a nan muka sani sarai, ko da ba mu san sunansa ba. Wata rana wuta takan zo da ƙarfin hauka, ta ƙone talabijin da ƙwayaye a layi guda, a wasu gidajen kuma ta zo kamar kyandir. Sau da yawa dalilin shi ne wayar da wuta take komawa ta cikinta, wadda ma'aikata suke kira nutiral, ta tsinke a wani wuri tsakanin taransifoma da gidaje.

A gidaje da yawa na Ingila, wannan waya ɗaya ita ce take aikin komar da wuta, ita ce kuma take aikin wayar ƙasa har zuwa bakin mita. In ta tsinke a titi, wuta ba ta da hanyar komawa, sai ta bi wayar ƙasa ta hau kan kowane ƙarfe da aka haɗa da ita. A cikin ɗaki hatsarin da sauƙi, gama mutum yana tsaye a kan busasshen daɓe. Amma mota fa? Sa'ad da take caji, jikinta duka a haɗe yake da wayar ƙasa ta gidan. Tana waje, tana zaune a kan tayoyin roba waɗanda ba sa barin wuta ta wuce ƙasa. Sai yaro ya fito da safe ba takalmi, ƙasa a jiƙe, ya ɗora hannu a ƙofar mota. Shi ne ya zama hanyar da wutar take nema.

Wannan hatsari ne ya sa littafin dokokin jan waya na Ingila, wanda aka fara bugawa tun 1882, yake da sashe na musamman, sashe na 722, a kan cajin mota kaɗai. A 2020 an yi wa littafin gyara wanda bai taɓa kome ba sai wannan sashe. Hanya ɗaya ita ce a kafa wa na'urar sandarta ta jan ƙarfe a cikin ƙasa, a raba ta da wayar ƙasa ta gidan. Wata hanyar ita ce na'urar ta riƙa auna ƙarfin wuta da kanta: in ya haura bolt 253 ko ya faɗi ƙasa da 207, ta yanke dukan wayoyin, har da ta ƙasa, cikin sakan biyar. Mai aikin tilas ya gane irin tsarin da gidan yake da shi kafin ya zaɓi hanya. Wannan ba abin da ake ganewa da ido ba ne, sai da na'urar awo.

Akwai darasi na biyu mai kama da shi. A gidan da aka yi wa aiki mai kyau akwai wani makunni mai tsaron rai, wanda in wuta kaɗan ta zurara ta jikin mutum yake yankewa kafin ƙiftawar ido. An yi shi ne domin wutar gida, wadda take kaiwa da komowa sau 50 a sakan guda. Wutar batir kuwa miƙe take tafiya, hanya ɗaya. In motar ta samu lahani, irin wannan miƙaƙƙiyar wuta ta zurara baya cikin layin gida, takan iya makantar da makunnin. Yana nan a bango, kamar lafiyarsa ƙalau, amma ranar da ake bukatarsa ba zai motsa ba. Don haka doka ta ce a sa makunni na musamman, ko kuwa na'urar cajin ta kasance tana yankewa in irin wannan wuta ta kai kashi 6 cikin dubu na amp guda. Makunnan biyu kusan kamarsu ɗaya a kanti, sai dai ɗayan ya fi tsada ƙwarai. Wanda ba a koya masa bambancin ba, mai arahar zai ɗauka, yana ganin ya taimaki mai gida.

Yadda ake horon

Manyanmu da suka yi makarantar sana'a dā sun san sunan City & Guilds, gama jarrabawarsu aka riƙa yi a nan kafin a kafa NABTEB a 1992. Su ne suke ba da ɗaya daga cikin takardun shaidar wannan aiki a Ingila. Kwas ɗin gajere ne, 'yan kwanaki kawai. Amma a 2022 suka fito da sabon tsari wanda ya tsananta sharaɗin shiga: sai wanda ya nuna shaidar cewa shi cikakken mai aikin lantarki ne. A ganinmu sun yi daidai. Kwana biyu a aji ba ya mai da mutum gwani. Abin da yake yi shi ne ya ɗora hawa guda a kan ginin da aka shekara uku ko huɗu ana yi.

Aiki kuwa ya samu, gama tun Yuni 2022 doka a Ingila ta ce sabon gidan da yake da wurin ajiye mota sai an sa masa na'urar caji. A watan nan kuma aka ce na'urorin gida da ake sayarwa su zama masu haɗuwa da intanet, su iya jinkirta caji zuwa lokacin da jama'a ba sa jan wuta da yawa. Ga mai filaya da sukudireba ya zama tilas ya iya saita na'ura da wayar hannu.

A Amurka ma haka abin ya tafi. A 2021 majalisarsu ta ware dala biliyan 7.5 domin wuraren caji, a 2023 kuma aka kafa sharaɗi cewa masu aiki a kan wuraren da aka gina da kuɗin manyan hanyoyi su zama sun yi horo na musamman. Sanannen horon a can, EVITP, awa 20 ne, amma ba a karɓar mutum sai mai lasisi ko wanda ya yi awa 8,000 yana aikin hannu. Manyan na'urorin bakin hanya, masu cika mota cikin rabin awa, wani babi ne dabam. Suna ba da kilowat 50 har zuwa 350, suna bukatar layi uku, sau da yawa da taransifomarsu.

To, mu fa?

Abin ya riga ya iso, ko da yake da kaɗan kaɗan. A 2020 kamfanin Stallion ya harhaɗa motar Hyundai Kona mai batir a Legas. A 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato wanda ya zana siffar motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta buɗe wani a Jami'ar Legas. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas yana sa musu batir. Tun da aka janye tallafin mai a Mayu 2023, masu Keke da masu babur sun fara lissafin da dā ba sa yi. Muna zato ta ƙofarsu abin zai fi shigowa, ba ta ƙofar masu manyan motoci ba.

Kada wani ya karanta wannan ya sayar da akuya ya ba mai kwas ɗin mako guda. Motocin ba su yi yawan da mutum zai ci abinci da wannan aiki kaɗai ba tukuna. Yaron, ko yarinyar, gama ba mu ga abin da ya hana 'ya mace riƙe na'urar awo ba, ya fara samun tushe: makarantar sana'a ko maigida na kirki, jarrabawar NABTEB ko ta gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, sa'an nan takardar shaida ta NEMSA, hukumar da take tantance masu jan waya. Ya koyi aikin sola da batir da inbata sosai, gama a ƙasar da wuta take zuwa tana tafiya, wurin caji da yawa da rana za su dogara. Ƙaramin janareta na shago ba ya cikin lissafi, domin mafi ƙanƙantar abin da na'urar take ba mota amp 6 ne, ya fi ƙarfinsa. In za ku kai yaro wurin maigida, ku tambaya ko yana da na'urar auna wayar ƙasa, yana kuwa amfani da ita. Da yawa abin gwajinsu bai wuce ɗan sukudireba mai ƙwai a gindi ba.

Ilimin Ingila ma ba za a kwashe shi a juye a nan yadda yake ba. Ku tuna da na'urar nan mai yankewa in wuta ta faɗi ƙasa da bolt 207. A unguwanninmu da yawa wuta takan yi ƙasa da haka kowace yamma. Na'urar za ta yi ta yankewa, mai mota ya yi ta fushi, wanda bai san dalilin ba kuwa zai buɗe ta ya tsallake abin tsaron domin a zauna lafiya. Wanda aka horar zai nemi gyaran wutar da take shigowa, ko ya kafa sandar ƙasa ya bi ɗaya hanyar. Sandar ma tana da nata sharaɗi a ƙasarmu. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana karɓar wuta da sauƙi, busasshiya ba ta karɓa. Sandar da aka kafa a Agusta aka auna ta yi kyau, tana iya zama ƙarfen banza a Maris sa'ad da ƙasa ta bushe ƙayau. Sai a kafa ta da zurfi, a ƙara wata in guda ba ta isa ba, a rubuta awon a takarda a bar wa mai gida, a kuma komo da rani a sake aunawa.