Kafin ciwon sukari ya shigo: gyara yana cikin akushi

Ciwon sukari ba ya faɗa wa mutum rana ɗaya. Yakan yi shekaru yana tsaye bakin ƙofa: sukarin jini ya wuce ƙa'ida, amma bai kai matsayin ciwo ba, mai shi kuwa ba ya jin kome. Awon jini da safe, kafin a karya kumallo, shi ke tona asirinsa. Bisa ma'aunin Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, daga garam 1,10 zuwa 1,25 cikin litar jini gargaɗi ne. Daga 1,26 kuwa, in awo na biyu ya maimaita, ciwo ya tabbata.

Wanda ke bakin ƙofa yana iya komawa baya. Wani bincike da aka bayyana a Amurka cikin 2002, kan mutane fiye da 3000, ya nuna cewa gyaran cima da rage ƙiba da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100.

Gyaran farko shi ne sukarin da hannu ke zubawa. Ƙungiyar ta ba da shawara cikin 2015 kada babban mutum ya wuce kamar garam 50 a yini, in da hali ma 25. Kwalbar lemu guda takan ƙunshi wajen garam 35. In aka haɗa da shayi kofi uku a fada da sukarin fura da na koko, ma'aikacin da ya yini zaune a biro ya wuce iyaka tun kafin la'asar.

Na biyu shi ne abin da ke cikin akushi. Farar shinkafa da burodi suna saurin zama sukari cikin jini. Hatsi da dawa da ba a matsa masu surfe ba sun fi su, domin dusa tana jinkirta narkewa. Amma tuwo ma sai a rage malmala, a ƙara miya. Wake da zogale da rama da kuɓewa da kifi su ne ya kamata su ci rabo mafi girma. Dambu mai yawan zogale ya fi gaban a kira shi cimar talaka.

Wanda ya haura shekara 40, ko mai teɓa, ko wanda ciwon ke cikin danginsa, ya nemi awo a gidan likita tun yana jin ƙarfinsa. Tun ran gini ran zane.