Rumfar Katako Daga Ƙafa Take Mutuwa

Bahaushe ya daɗe da sanin rumfa: dirka huɗu, tanka, a ɗora zana, an gama. Wadda ake yayi yanzu a gidajen birni ƙanwarta ce da ta sha ado: ginshiƙan katako, sama kuma sanduna jere da tazara a tsakaninsu, inuwa ta sauko iska ta wuce. Masu yin ta sukan kashe kuɗinsu a saman da ido ke gani, su manta da inda katako ya taɓa ƙasa. Can kuwa gara take jira.

Abin da ya sa azarar giginya ke daɗewa a sorayen Kano da Zariya shi ne gara ba ta samun sauƙin cinta. Katakon da ake sayarwa a 'Yan Katako ba duka ne haka ba. Iroko da maɗaci suna da tauri da juriya, sai dai tsada. Farin katako mai sauƙin kuɗi irin su obece abincin gara ne, komai kyansa a ido. Ɗanyen katako kuma, da hunturu ya busa zai karkace ya tsage, don haka a nemi busasshe.

A haƙa rami kamar ƙafa biyu, a zuba kankare, a dasa ƙarfe a ciki, sannan a ɗaure ginshiƙin a jikin ƙarfen da noti, gindinsa ya ɗan ɗaga sama da daɓe. Kafintoci da yawa sun fi son su tura katakon cikin siminti kai tsaye, don ya fi sauri. Ni dai ban yarda da wannan ba: ruwan wanke-wanke da na damina yana kwanciya a wurin, gindin ya ruɓe ta ciki mai gida bai sani ba. A shafe kowane katako da maganin gara kafin a haɗa, musamman bakin da zarto ya yanka. Wasu baƙin mai suke shafawa. Yana taimakawa, amma yana ɓata tufafi, kuma ba ya karɓar fenti.

Kada tazarar ginshiƙai ta wuce mita 3, in ba haka ba na saman zai lanƙwasa. Kafin a zuba siminti, a ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In tsawonsu ya zo ɗaya, rumfar ta daidaita. A kuma sa 'yar tokara a kowace kusurwa, saboda guguwar farkon damina ba ta wasa da abin da ƙusa kaɗai ta riƙe.

Sandunan sama su miƙe kudu da arewa, su tare ranar hantsi da ta la'asar. Ta azahar kam sai ta ratso, musamman a watan Afrilu. Maganinta zana, ko a dasa inabi ya hau. Wanda bai da haƙurin jiran inabi ya shuka soso, damina ɗaya ta ishe shi ya rufe saman.